Yadda Na Je Bayan Gaya Neman Fure

Tun da na dawo daga bayan Gaya ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, har a wurin zaman makoki wani ya matso ya ce mini a kunne, "Ummaru, wai da gaske ciyawa ka tai nema ƙasar waje?" Ina ba kowa amsa, amma na lura labarin yana sauyawa a bakin mutane. Kwanan baya na ji ana cewa wai jandarmomi sun ɗaure ni. Ba a ɗaure ni ba. Ina tsoron a yi ta ƙarya a kaina ina ji ban gyara ba, alhakin ya shafe ni, shi ya sa na zauna in rubuta abin yadda ya faru.

Ni mutumin Kebbe ne, manomi, amma da zuma aka fi sanina. Amyoyina suna bisa itatuwan ɗorawa da tsamiya na gefen hanyar Fakku, inda mahaifina yake ɗaura nasa. A 'yan shekarun nan ƙudan zuma suka fara gudu. In shafe amya da kashin shanu, in turara ta, in ɗaura, in na hau dubawa sai in tarar gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Masu ƙuda a ciki suka rage 'yan kaɗan, su ma in na ɗaga sai in ji su sakayau. Dalilin ba ɓoye yake ba. Kowa ya sayi injin feshi, ni ma ina da nawa. Mu feshe gona, mu feshe gefen gona, in magani ya ragu a tanki mu ƙarasa shi a bakin hanya don kada a yi asara. Da ɗorawa ta gama fure, ƙuda ba ya da inda zai sauka. Na san in aka ƙara shekara a haka sauran ma tafiya za su yi, sana'ar gidanmu ta mutu a hannuna.

Ina da taubashi a Tambuwal, Sahabi, ɗan ƙanwar mahaifina, mai fataucin albasa da busasshen kifi zuwa Gaya ta ƙetaren iyaka. Wata rana ya zo gaishe mu ya dangwara mini kwalbar zuma a gaba.

"Ɗanɗana wagga, raggo," in ji shi. "Wagga ita ce zuma, ba ruwan raken da kaka saida muna ba."

Na ɗanɗana, na sake tsoma yatsa. Ya ce daga wani ƙauye ta fito, gaba da Gaya a kan hanyar Doso, wurin abokinsa Hamani. Wai mutanen garin fure suke shukawa a bakin titi don ƙudan zuma, amyoyinsu kuma har tsagewa suke yi. Da ya ce fure, abin da ya zo mini a rai irin jajayen nan ne da ake shukawa a ƙofar gidajen manya a Sakkwato. Na ce in Allah ya yarda sai na je na samo irin.

Na zaɓi tsakanin shuka da noman fari, lokacin da gona za ta iya jirana. Kafin in tashi na bi maƙwabta gida-gida ina neman gafara, don hanya ba ta da tabbas. Matata Hajo tana ɗaure mini kaya tana cewa, "Malam, Gaya fa za ka, ba Makka ba." Na zuba sauran zumar da nake da ita a ƙaramin galan, don ba a zuwa gidan mutum hannu biyu.

Daga Kebbe zuwa Tambuwal kabu-kabu na hau, kuma sai da rana ta fito sosai muka tashi, saboda halin da hanya take ciki. Ruwa ya zaizaye ta a wurare da dama. Galan na bisa cinyata, hannu ɗaya na riƙe shi, ɗaya na riƙe rigar mai babur. Duk ramin da muka faɗa sai in yi salati da ƙarfi, har ya juyo ya ce, "Baba, rage murya, mutane na zaton gawa nika ɗauke da ita."

A tashar Tambuwal na tarar da Sahabi zaune bisa buhunan albasarsa yana cin rogo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce rigar da na sa ta ango ce, ko na yi niyyar ƙaro mata ne a Zabarma. Muka shiga motar Jega, muka wuce Aliero inda ko iska warin albasa take, a Jega muka sauya mota zuwa Kamba. Ni ban taɓa wuce Jega ba, saboda haka daga nan komai sabo ne.

Bayan Kalgo rana ta yi zafi, zumar ta narke, murfin galan ya saki ban sani ba. Wata mata mai sayar da daddawa da ke zaune kusa da ni ta ce, "Malam, wani abu na bin ƙafata." Na duba, zuma ta bi gefen zanenta har ƙasa. Na rasa inda zan sa kaina. Na nemi gafararta, ta ce ba komai. An jima na sake nema, ta ce ta yafe. Da muka kusa Bunza na sake buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Wallahi in ka ƙara roƙona, janye yafiyar zan yi."

Duk motar aka sa dariya, Sahabi ya fi kowa.

A Bunza aka tsaya sallar azahar. Matafiya suka yi ƙasaru, na bi su. Da na sallame sai shakka ta kama ni, ko nisan ya kai, ko daga Kebbe ake lissafi ko daga inda muka sauya mota. Na zagaya bayan mota na kawo raka'a huɗu ni kaɗai. Direba yana ta danna oda, ni kuwa ba ni da halin amsa shi.

Kafin mu isa iyaka Sahabi ya yi mini huɗuba. Ya ce in an tambaye ni abin da ya kawo ni in ce ziyarar dangi, kada in ƙara ko kalma. Na ce ai ba ni da dangi a can. Ya ce duk 'yan Adam dangi ne. Na yi ta juya maganar a raina har muka wuce jami'an ɓangarenmu, muka isa wurin na can. Wani jandarma dogo ya karɓi katina ya duba, ya ce da Hausa irin tasu, "Mi ya kawo ka?"

Na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, fure na zo gani."

Sahabi ya taka mini ƙafa. Jandarman ya sake tambaya, na sake faɗa, na ƙara da bayanin amyoyina tun daga mahaifina. Ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ji wani. Suka sa na maimaita daga farko. Sannan ya tambayi abin da ke cikin galan, na buɗe, ya tsoma tsinke ya lasa, ya ce babansa ma mai amya ne. Ya miƙo mini katina ya ce Allah ya sa in ga furen. Iyakar abin da ya faru ke nan tsakanina da jandarmomi.

A Gaya muka sauka gidan fatake kusa da kasuwa, inda Sahabi ya saba sauka. Ɗaki ɗaya ne dogo, kowa da tabarmarsa, kayan kowa a kansa. Garin na bakin kogin Kwara, kifi kuwa kamar a kyauta, sauro ma haka. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda yana tafiya. Na ƙi ci da farko, sai da yunwa ta yi mini nasiha. Shayinsu kuma a 'yan ƙananan kofunan gilashi ake sha, baƙi ƙirin, mai ɗaci. Na shanye na farko na yi godiya na miƙe, aka ce in zauna, tashi kafin na ƙarshe rashin ladabi ne. Gaisuwa kuwa kalma ɗaya na riƙe, fofo. Da ita ake sannu, da ita ake godiya, ni har haƙuri na riƙa bayarwa da ita. Da aka kawo nama na raɗa wa Sahabi ya tambayo wa ya yanka. Ya tambaya da ƙarfi gaban kowa. Ashe mahaucin shi ne ladanin masallacin unguwar. Na ji kunya ƙwarai.

Washegari muka shiga motar Doso. Tun daga fitarmu gari nake leƙen taga ina neman jan fure. Ban ga ko ɗaya ba. Da muka kusa ƙauyen sai na ga ciyawa kore shar a gefen titi dama da hagu, an jera mata rassan ƙaya. Na ce a raina, mutanen nan ba su damu da gyaran gari ba, furen kuma yana can gaba.

Hamani ya tarbe mu da fara'a, mutum ne mai sanyin magana, Hausarsa tsaf. Gidansa na kallon titi. Aka kawo mana dambu da zogale an kwaɗa da ƙuli, sun ce sunansa kopto, na ci har na ji nauyin kaina. Ya kai mu muka gaida mahaifiyarsa, Inna Bibata, tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin ido, tana zaune tana gyaran wake. Na ba ta abin da ya rage a galan, ta sa albarka. Hamani ya ce aikin furen na mata ne, Inna ce shugabarsu, gobe da hantsi za ta nuna mini komai. A can mata na fita gona da kasuwa ba wani abu, su yi magana da baƙo ido da ido. Ni dai ƙasa na yi ta kallo.

Da muka dawo sallar asuba Sahabi ya koma ya miƙe. Ni kuwa na zauna ƙofar ɗakin baƙi har gari ya waye sarai, wani abu yana cina. Mutum ya ba ka ɗaki, ya ba ka abinci, ga ƙofar gidansa ciyawa ta kusa rufe ta. A Kebbe in ƙofar gidanka ta yi haka, cewa za a yi maigidan ba ya da lafiya ko ba ya da zuciya, ga kuma tsoron maciji. Na ce Hamani aiki ne ya yi masa yawa, bari in rama alheri kafin ya fito.

A zaure na ga hauyarsu jingine, mai doguwar ƙota, wadda ake noma da ita a tsaye. Ban taɓa riƙe irinta ba. Tura ta ake yi gaba, ba duƙawa. Da na gane kanta sai na ji daɗi, tana bi ta ƙarƙashin ƙasa kamar wuƙa cikin kabewa. Na janye rassan ƙayar na tara su gefe ɗaya, na kama aiki. Na ga gasaya, na ga karkashi, na gane su sarai. Amma a wurinmu abin da ba a layi yake ba, ba shuka ba ne. Kafin rana ta ɗaga na share daga ƙofar Hamani har na wuce gidan maƙwabcinsa, na tattara ciyawar na yi tsibi da ita. Wurin ya yi fes. Har ina cewa in na koma gida sai maƙerinmu ya ƙera mini irin hauyar nan.

Wata mata da ta fito daga rijiya ta tsaya, ta sauke bokitinta, ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kira da Zabarmanci. Na ce mata fofo. Kafin in ankara mata sun fito ta ko'ina, kowa na magana. Hamani ya fito ya tsaya baki buɗe. Sahabi ya fito yana murza ido, ya dubi wurin, ya dube ni da hauya a hannu, sai ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da hawaye.

Inna Bibata ta zo a hankali tana dogara sanda. Ta zagaya tsibin, ta tsaya gabana.

"Baƙo, wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Inna. Na ga ciyawa ta yi yawa ne."

"Mi ka zo gani garinmu?"

"Fure."

Ta nuna tsibin da sandarta. "To ga shi nan ka tara shi wuri guda. Sai ka duba da kyau."

Sai a lokacin na gane. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na ce a faɗi abin da zan yi, ko mene ne. Ta ce a garinsu hukunci ɗaya ne ga duk wanda ya ɓata bakin titi, ko mai akuyar da ta ci, ko direban da ya hau da mota: ya sake shukawa da hannunsa, mata na kallo.

"Wato hukuncin akuya anka yanke mashi," in ji Sahabi. "Inna, Allah shi ƙara maki adalci. A gida ma haka muka fama da shi."

Aka kawo mata wata tsohuwar gora mai toshe da tsumma. Ta zazzage iri a ƙwarya, ƙanana ƙanana, baƙi da ja da ruwan ƙasa a gauraye. Ta sa na haɗa shi da yashi da toka da kashin awaki. Na ce a ba ni sungumi in yi ramuka. Matan suka kwashe da dariya.

"Ka taɓa ganin wanda ya gina wa ciyawa rami?" in ji Inna. "Duƙa ka watsa ƙasa-ƙasa, kamar kana ba kaji tsaba."

Na duƙa ina watsawa, tana bina tana ƙwanƙwasa mini sanda a ƙafa in na cika hannu. Tana tafe tana faɗa mini aikin kowanne. Gasaya ce mai saurin fure, ita take tarbar ƙuda da farkon damina. Karkashi ya biyo ta. Ɗoɗɗoya da alkamar tururuwa su riƙe har kaka. Yaɗiya kuma ta hau ƙayar nan da na janye, ta yi ta fure da rani lokacin da komai ya bushe. Ta ce bakin titi suka zaɓa don ba gonar kowa ba ne, kuma ruwan da ya sauka bisa kwalta nan yake gangarowa, wurin ya sha rabo biyu. Mata na tsinkar ganyen miya a ciki, amma ba a taɓa kan da ya ɗauki fure. Na ce, "Inna, ba dai ƙuduji a cikin irin nan ko?" Don in ƙuduji ya shiga gonar gero, mai gonar ya shiga uku. Ta harare ni ta ce da hannu suke tsinkar irin ɗaya bayan ɗaya, su ba mahaukata ba ne da za su shuka wa kansu yunwa.

Da na gama watsawa na ja reshen ƙaya a kai, na bi na tattaka da ƙafa, na mayar da shingen yadda na same shi. Matan suna tafi suna wata waƙa da Zabarmanci. Na tambayi Hamani ma'anarta, ya ce gara kada in sani.

Gumi ya jiƙa mini rigar angon, amma raina ya ɗan yi sanyi. Na daure na ce, "Inna, ko za a taimaka mini da ɗan iri in kai gida?" Ta ɗauki gorar ta kife ta, ta girgiza. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Hamani ya ce a hankali, tun da aka gaya mata baƙo zai zo ta ajiye wannan ragowar domina. Abin da na zo nema tun daga Kebbe, shi na watsa da hannuna a ƙofar gidansa. Sabon iri kuma sai kaka.

Da yamma ya kai ni wurin amyoyinsa. Tun daga nesa ake jin ƙugin ƙuda. Ya ce in ɗaga ɗaya, na ɗaga da ƙyar. Na yi masa barka da zuciya ɗaya, amma ina tuna nawa.

Da safe muka shiga sallama da Inna. Ta ce, "Kai, baƙo mai hauya, matso. Garinku ba inda feshi bai taɓa shiga ba?"

Na bi Kebbe kaf a raina, gonaki, fadama, bayan makaranta, bakin kasuwa. Na ce, "Sai maƙabarta."

"Yo can irinku yake kwance. Ka sa tsintsiya ka share ƙasar sama, kaurin yatsa, ka kai bakin hanya ka watsa yadda na nuna maka. Na garinku ya fi nawa sanin ƙasarku."

Ita a wurinta magana ce ta noma. Amma kowa ya san abin da ake cewa a Kebbe in an ga mutum da ƙasar maƙabarta a buhu. Ba mai sake sayen zumarka, ba mai sake ba ka hannu. A mota Sahabi ya ce, "Tai ka ɗebo abinka. In anka kore ka Kebbe ina da ɗaki Tambuwal, kusa da na jakai."

Dawowa ba abin faɗa, hanya ɗaya ce. Na iso gida lafiya, na kama noman fari, ban gaya wa kowa maganar Inna ba. Abinci ya daina shiga. In na wuce maƙabarta sai in saci kallo, ga gasaya har ta fara fure a jikin shinge, ga karkashi, ga ɗoɗɗoya, duk abin da ya ɓace a gonakinmu. In kawar da kai in yi sauri kamar na yi sata. Hajo ta matsa mini har na faɗa mata. Ta ce, "Kai da kaka tambayar Malam hukuncin hamma cikin salla, wagga ce za ka ɓoye mashi?"

Malam Shehu shi ne limamin unguwarmu, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Na same shi a zaure bayan ya sallami masu ɗaukar karatu, na ba shi labari tun daga hauya. Ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido. Da na zo kan maƙabarta ya daina. Ya ce cikin shinge ba ruwana da shi, kada in ɗebi komai, kada in taka. Amma bayan shinge, inda iska take zubar da iri a gefen turba, wannan ƙasar Allah ce kamar kowace.

"Sai dai, Ummaru, mutane da ido suka hukunci. In ka tai kai kaɗai da sassafe kana waige-waige yadda ka saba, ko ni na gan ka sai na yi zato. Da rana tsaka za a yi shi."

Ranar da ya sa, bayan an sallame azahar, ya juyo ya ce wa jama'a, "Ummaru zai share bayan shingen maƙabarta, irin ciyawa shika nema don ƙudan zuma. Ni zan riƙe mashi buhu. Mai tambaya shi zo can shi yi ta."

Rabin masallacin suka biyo mu. Ina shara, Malam na riƙe da bakin buhu, ƙura na hawa rawaninsa. Mamman Tukur, wanda gonarsa take bakin hanyar Fakku daidai itatuwana, ya ce, "Allah gafarta Malam, mu muna sayen magani muna kashe ciyawa, shi kuma shina shuka muna ita? In ta ƙetaro gonata fa?"

Na ce duk wadda ta ƙetara ni zan nome ta da hannuna, shi dai ya taimake ni ya ɗaga bakin injinsa in ya zo daidai hanya. Wani daga baya ya ce, "Yarda, Mamman. Noma dai ya iya shi, har ƙasar waje an shaida." Ashe Sahabi ya riga ya aiko da labarin. Aka yi dariya, Mamman Tukur ya ce ya ji, a gwada shekara guda.

Na gauraya ƙasar da toka da kashin awaki, na jira aka yi ruwa, na watsa ta gefen hanya ƙarƙashin itatuwan, na tattaka, na jera ƙaya. Ba duka ta yi ba. Wani wuri ƙarangiya ta fi yawa, wani wuri awaki sun sami ƙofa. Kullum da safe ina bin wurin da sanda ina bugawa, don in maciji ya sari wani a ciyawar da na shuka ban san abin da zan ce wa Allah ba. Amma gasaya ta fito ta yi fari fat, karkashi ya biyo ta, yanzu da gero ya nuna ɗoɗɗoya ce take ƙamshi. Matan unguwa sun fara tsinkar miya, Hajo ta gaya musu dokar kan fure. In ka tsaya da hantsi za ka ga ƙuda da malam-buɗe-littafi suna ta hidima.

Na daɗe ina tsoron hawa in duba, kada in tarar ƙudan na wani ne suke zuwa ci su koma. Shekaranjiya na yi bisimilla na hau tsamiyar. Amyar farko da na isa, wadda gizo-gizo ya daɗe yana haya a ciki, na tarar bakinta baƙi da ƙuda, masu shiga na ture masu fita. Na matsa ga ɗaya daga cikin tsofaffin na sa hannu ƙarƙashinta na ɗaga kaɗan. Ta yi nauyi. Ban gama jin nauyin ba wani ya taso ya harbe ni a fatar ido, wasu suka rako ni har ƙasa. Ban taɓa ko saƙa ɗaya ba, bana tasu ce.

Na shigo gida fuska a kumbure. Hajo ta saki muciya ta yi salati.

"Sun harbe ka kana dariya?"

Na ce mata ƙudan da ba ya da ajiya ba ya faɗa. Na fi shekara ina hawa itatuwan nan ba wanda ya kula ni.

Har yanzu idon bai buɗe ba. Da ɗayan na yi wannan rubutu.